Alawus ɗin naƙasa da koyon sana'a: dole ne sai an saki ɗaya?

Akwai wani matashi a shiyyarmu, can wajen Mabera a garin Sakkwato, wanda shan inna ta kama tun yana goye. Ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, amma hannu da kwanya kam Allah ya yi musu albarka. Wata huɗu ke nan yana zuwa shagon wani mai gyaran waya yana koyo, sai dai ba ya zama a bakin tebur inda masu wucewa za su gan shi. Can ciki yake shigewa bayan labule, kekensa kuma ya tura shi lungun bayan shagon. Ran da na lura na tambaye shi dalili, sai ya ce da ni: "Yaya, in sunka ji ina aiki hidda sunana za su yi. Ni ko har yau ko sisi ban samu ba ga wanga aiki. In sunka hidda ni, mi za ni ci?"

Sunansa yana cikin masu karɓar alawus ɗin wata-wata da gwamnatin jiha ke ba masu buƙata ta musamman. Na tambaye shi ko akwai jami'in da ya taɓa ce masa wanda ya koyi sana'a za a cire shi. Babu. Wani ne ya ji daga wani cewa an yi tantancewa a wata ƙaramar hukuma, aka sauke wani gurgu don an gan shi da shago. Ko gaskiya ce ko shaci-faɗi, labarin ya riga ya yi aikinsa. Shi dai ba shi da takarda ko ɗaya a hannu da ta ce ga sharaɗin karɓa, ga abin da ke sa a dakatar da mutum, ga inda za ka kai kuka in an zalunce ka. Wanda ba shi da wannan kuwa, kowace jita-jita doka ce a wurinsa.

Kada a yi saurin cewa mutuwar zuciya ce. Lissafi ne, kuma lissafin ba na wawa ba ne. Alawus ɗin kaɗan ne amma an san ranarsa, ko da ya yi jinkiri. Sana'a kuwa sai bayan shekara ko biyu ake sanin ko za ta ciyar da mai ita, musamman ga mutumin da wata rana jiki zai ƙi, ko keke ya karye, ko ruwan damina ya cika hanya ya kasa fita. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Abin tambaya shi ne, me ya sa tun farko za a sa mutum zaɓi tsakanin ƙwan da kazar?

Ƙasashen da suka daɗe suna biyan irin wannan tallafi sun sha fama da matsalar nan, kuma abu na farko da suka gane shi ne kuɗin naƙasa iri biyu ne. Akwai wanda ake ba mutum domin ba ya iya neman abinci da kansa, wato madadin albashi. Akwai kuma wanda ake ba shi domin lalurar kanta tana cin kuɗi: taya da walda na keke, sanda, batirin na'urar ji, magani, kuɗin abin hawa a inda mai ƙafa zai taka, da ɗan abin da za a ba yaron da ya yi jagora. Na farkon yana iya raguwa idan samu ya ƙaru, ba wanda zai yi gardama. Na biyun ba ruwansa da samu. Gurgun da ya zama malamin makaranta bai daina buƙatar keke ba, buƙatar ma ƙaruwa ta yi, tunda yanzu kullum sai ya fita.

Birtaniya ta raba su a fili. Tallafin da suke kira PIP, wanda aka fara a 2013, ba a duba albashin mutum ko ajiyarsa kafin a ba shi. Yana aiki, yana karatu, ko yana zaune a gida, duk ɗaya ne, abin da ake aunawa shi ne wahalar da yake sha wajen hidimar yau da kullum da zirga-zirga. Ɗayan tallafin, na masu ƙaramin ƙarfi, shi ne ke raguwa da samu, kuma a hankali: a duk fam guda da mutum ya samu sama da wani adadi, ana zare kwabo 55 ne cikin 100 daga tallafin, ba a yanke shi gaba ɗaya.

Yadda Amurka ta tsara nata

A nan zan ɗan daɗe, domin Amurka ce ta fi rubuta ƙa'idoji dalla-dalla a kan mai karɓar tallafin da ya shiga karatu ko koyon sana'a, kuma kurakuranta ma abin koyo ne. Suna da tsari biyu. SSDI, wanda ya samo asali a 1956, inshora ce ta wanda ya yi aiki ana cire masa haraji kafin lalura ta same shi. SSI kuma, wanda aka fara biya a 1974, na marasa galihu ne, ko sun taɓa aiki ko ba su taɓa ba, har da yara. A 2025 mafi yawan abin da gwamnatin tarayya ke ba mutum ɗaya a SSI dala 967 ne a wata.

Shiga makaranta ko wurin koyon sana'a, shi kaɗai, ba ya tsayar da ko ɗaya daga cikinsu. Karatu ba aiki ba ne a idon dokarsu. Kuɗin tallafin karatu da aka kashe a kuɗin makaranta da littattafai ma ba a lissafa shi a matsayin samu. Inda gizo ke saƙar shi ne sake duba lafiya. Lokaci-lokaci hukumar da ke biyan tallafin takan buɗe fayil ɗin mutum ta ga ko ya samu sauƙi: wanda ake sa ran zai warke, cikin wata 6 zuwa 18, wanda mai yiwuwa ne ya samu sauƙi, kamar duk shekara uku, wanda ba a sa rai, shekara biyar zuwa bakwai. Mutane sun riƙa jin tsoron cewa ganinsu a aji ko a wurin horo zai sa a ce sun warke, daidai irin tsoron yaron shiyyarmu. Don haka a watan Disamban 1999 shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta kafa shirin da za a iya kira Tikitin Aiki, na masu shekara 18 zuwa 64. Wanda ya miƙa tikitinsa ga hukumar koyar da sana'a ta jiharsa ko wata cibiya da aka amince da ita, kuma yana cika matakan da aka gindaya masa a kan lokaci, ba za a buɗe masa sabon binciken lafiya ba muddin yana cikin shirin. Shiga kuma ganin dama ne, ba tilas.

To idan binciken ya riga ya zo, likitoci suka ce mutum ya samu sauƙin da bai cancanci tallafi ba, alhali yana tsakiyar horo fa? Wannan shi ne abin da Sashe na 301 na gyaran da aka yi wa dokar tallafin naƙasa a 1980 ya zo ya warware, kuma a ganina shi ne mafi hikima a duk tsarin. Sashen ya ce a ci gaba da biyan mutumin har ya kammala, bisa sharuɗɗa: ya kasance ya shiga shirin tun kafin watan da aka ce lalurar ta ƙare, yana ci gaba da halarta, kuma hukumar ta gamsu cewa kammalawar za ta sa da wuya ya sake komowa neman tallafi. Ran da ya gama, ko ya daina zuwa, biyan ya tsaya. Dalilinsu ba tausayi kaɗai ba ne, tattalin kuɗi ne. Wanda aka yanke wa tallafi saura wata shida ya gama koyon walda zai watsar da koyon ya tafi neman abin kaiwa baka, bayan shekara biyu kuma a gan shi ya dawo layi, an yi asarar kuɗin horon an kuma koma biya. Sashen ya fi amfanar yaran da ke karɓar SSI, domin da zarar yaro ya cika 18 ana sake auna shi da ma'aunin manya, wanda ya fi tsauri, kuma da yawa sukan faɗi. Wanda yake tsakanin 18 da 21 kuma yana makaranta a ƙarƙashin tsarin karatu na musamman da aka rubuta masa, ana ɗaukar cewa ya cika wancan sharaɗi na uku.

Bayan horo sai aiki, nan ma ba a sake shi haka nan ba. Mai SSDI yana da watanni tara na gwaji, ba lallai a jere ba, a cikin shekara biyar. A watannin nan komai yawan abin da ya samu, tallafinsa cikakke ake ba shi. A 2025 watan da aka samu sama da dala 1,160 ne ake ƙirgawa a cikin taran. In sun ƙare sai a shiga wasu watanni 36, inda ake duba kowane wata da kansa: a 2025, in samunsa ya gaza dala 1,620 a biya shi, in ya wuce a tsallake watan. Ga makaho adadin a shekarar dala 2,700 ne. Inshorar lafiyarsa tana ci gaba aƙalla wata 93 bayan watannin gwaji. Idan kuma tallafin ya tsaya saboda aiki, daga baya jiki ya ƙi, yana da shekara biyar da zai iya neman a dawo da shi ba tare da sabon nema daga tushe ba, har a riƙa ba shi na wucin gadi zuwa wata shida kafin a gama bincike. Wannan ƙofar komawa ita ce ke ba mutum ƙarfin zuciyar fita tun farko.

Na SSI gangara ne. Ana kau da kai daga dala 85 na farko, sannan a raba sauran biyu, rabin kawai ake zarewa daga tallafin. A ce mutum ya samu dala 885 a wata. A cire 85, saura 800, rabinsa 400. Tallafinsa ya sauko daga 967 zuwa 567, amma abin da ya shiga aljihunsa gaba ɗaya dala 1,452 ne. Ba yadda za a yi ya yi aiki ya tashi da ƙasa da abin da zai samu in ya zauna. Ɗalibin da bai kai shekara 22 ba an ƙara masa sassauci: a 2025 ba a lissafa har dala 2,350 na samunsa a wata, iyakarsa 9,460 a shekara. Akwai kuma wani tsari mai suna PASS, inda mutum zai rubuta burinsa, a ce zama tela ko akawu, ya riƙa ware kuɗi don kuɗin makaranta ko sayen kayan aiki, hukumar ta amince ba za ta ƙirga abin da ya ware ba. Adashi ne da gwamnati ta sa wa hannu.

Kada mai karatu ya zaci aljanna ce. Mai SSI ba a yarda dukiyarsa da ake ƙirgawa ta wuce dala 2,000 ba, ma'aurata 3,000, kuma adadin bai motsa ba tun 1989. Sai a 2014 aka yi dokar da ta ba da damar buɗe wani asusu na musamman da za a iya tara har dala 100,000 ba tare da ya taɓa tallafin ba. Mai SSDI kuma, bayan watannin gwaji da ɗan lokacin rangwame, dala ɗaya sama da iyaka tana iya cinye masa tallafin watan gaba ɗaya, shi ya sa wasu ke ƙin ƙarin albashi ko rage awannin aiki da gangan. Sannan ƙa'idojin sun yi yawa har sai an ɗauki masu ba da shawara su fassara wa mutane su. Mafi muni, mutum kan kai rahoton samunsa a makare, ko hukumar ta yi jinkirin gyara lissafi, bayan shekaru a aiko masa takarda cewa an biya shi fiye da kima, ya dawo da dubban daloli. Wanda duk ya ga an yi wa maƙwabcinsa haka, ba ya sake marmarin aiki.

Mu dawo gida

A Sakkwato, gwamnatin Aliyu Magatakarda Wamakko, wadda ta yi mulki daga 2007 zuwa 2015, ita ce ta shahara da biyan naƙasassu naira 6,500 duk wata. A farkon lokacin kuɗin ba na wasa ba ne, domin mafi ƙarancin albashi na ƙasa a dokar shekarar 2000 naira 5,500 ne, sai a 2011 ya koma 18,000. Gwamnatin Ahmed Aliyu ta sanar da dawo da biyan tare da ɗaga shi zuwa naira 10,000. Yau da mafi ƙarancin albashi ya kai 70,000, alawus ɗin kashi ɗaya ne cikin bakwai na abin da doka ta ce shi ne ƙarshen ƙanƙanta. Kowa ya san inda naira 10,000 ke tsayawa in an shiga kasuwa da ita.

Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna wane iri ne a cikin biyun nan. Kuɗin da bai kai ya ciyar da mutum wata guda ba, ba za a kira shi madadin albashi ba. Abin da ya fi kama da shi shi ne kuɗin rage raɗaɗin lalura, irin wanda ba ruwansa da samu. Kuma babbar manufar da aka riƙa faɗa tun farko ita ce rage bara a kan titi. In haka ne, wanda ya bar bakin danja ya shiga shago yana koyon gyaran waya shi ne ya fi kowa cika manufar. Cire shi daidai yake da a ce wa sauran: ku ci gaba da zama inda kuke, kada a gan ku da sukudireba.

Dokar tarayya ta hana wariya ga masu naƙasa, ta 2018, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta karkata ne ga karatu da aiki. Ta ba su ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta ce ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙarin ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta hana a yi amfani da naƙasasshe wajen bara ko a riƙa yawo da shi don neman sadaka, ta ba da shekara biyar a gyara gine-gine yadda za su iya shiga, ta kuma kafa hukumar ƙasa ta masu naƙasa da ta fara aiki a 2020. Ta tanadi takardar shaidar naƙasa, ta dindindin da ta wucin gadi. Abin da ba ta yi ba shi ne kafa alawus na wata-wata a matsayin haƙƙi. Don haka abin da jiha ke bayarwa kyautatawar gwamnati mai ci ce, tana iya zuwa tana iya ɗaukewa, kuma mai karɓa ya san haka sarai. Shi ya sa yake takatsantsan kamar mai tafiya a kan ƙaya.

Ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki nasa daban ne, kuma da yawa ba su san haƙƙinsu ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa masu ɗaukar aiki su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar da ke biyan diyyar. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya, na dindindin, ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, kuma dokar da kanta ta ba hukumar damar ɗaukar nauyin sake horar da shi don ya koma aiki. A nan horo ba laifi ba ne, ɓangare ne na diyyar. Dokar fansho ta 2014 ma ta yarda wanda aka yi wa ritaya saboda lalura ya taɓa asusunsa kafin ya kai 50, in kuma ya samu lafiya ya sami wani aikin, ya sake shiga tsarin da shaidar likita.

Sai zakka, wadda a garin nan ta fi kowane tsari tsufa. Wasu na zaton duk wanda ya iya sana'a ya fita daga sahun masu karɓa. Malaman Malikiyya ba haka suka ce ba. Sun halatta a ba mabuƙaci ko da yana da ƙarfin nema, kuma sun halatta a ba shi abin da zai ishe shi shekara guda. Ma'aunin shi ne isa, ba iya riƙe almakashi ba. Shafi'awa sun ƙara da cewa mai sana'a a ba shi abin da zai sayi kayan aikinsa. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ta daɗe tana raba kayan sana'a da dabbobin kiwo, wanda ke nuna tunanin ba baƙo ba ne a nan. Sashe na 301 da na yaba a sama, in aka duba da kyau, bai wuce wannan ba: ka riƙe mutum har ya tsaya da kansa, sannan ka saki.

Amma akwai wani tallafi da ba ya cikin kowace doka, kuma shi ne ya fi nauyi a ma'auni. Bara. Mu faɗi gaskiya, wanda ke zama a bakin masallacin Juma'a ko ƙofar kasuwa, abin da yake haɗawa a wata yakan ninka alawus ɗin. Da shi ake cefane, wani lokacin ma gida guda ne ke rataye a wuyansa, har da masu lafiya. Ran da ya ce zai tafi koyon ɗinki ko dukanci na wata tara, ba alawus kaɗai ke cikin haɗari ba, tukunyar gidan ce. Shi ya sa wani lokacin 'yan'uwa ne ke fara karya masa gwiwa. Ga kuɗin zuwa da dawowa kullum, ga maigidan shagon da ba ya biyan yaro sai ɗan na abinci in an samu. Makaho kuma yana da ƙarin lissafi, na ɗan jagora, wanda sau da yawa ɗansa ne ko jikansa da ya kamata a ce yana aji. Duk shirin da ya koya wa makaho tafiya da farar sanda shi kaɗai, mutum biyu ya 'yantar.

Daga nan ne ake gane dalilin abin da ake yawan zargin masu koyon sana'a da shi, wato sayar da kayan da aka raba musu tun kafin su kai gida. An yi horon mako biyu, an yi bikin yaye, an ɗauki hoto, an miƙa keken ɗinki. Ba shago, ba jarin zare da yadi, ba wanda ya san shi da ɗinki balle ya kawo masa, gida kuma ba hatsi. Keken nan shi ne kaɗai abin da zai koma kuɗi a ranar. Ba na wanke kowa, akwai masu shiga don kayan kawai. Amma sana'a ba ta kankama ran yaye. Watanni shida zuwa shekara na bayan yaye su ne mafi tsanani, kuma a daidai lokacin ne ake ganin an gama da mutum.

Masu karatun boko nasu ya fi tsawo. Yaron da ya fito daga makarantar A.A. Raji, inda ake koyar da makafi da kurame da sauransu, in ya samu gurbi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, shekara biyu zuwa huɗu ko fiye ke gabansa ba ya samun komai, kashewa kawai. Kuma kashewarsa ta fi ta abokan ajinsa: na'urar ɗaukar murya, takardar rubutun makafi, mai karanta masa, mai fassara da maganar hannu. Hukumar JAMB ta ware wa makafi tsarin jarrabawa na musamman tun 2017, ƙofar shiga ta ɗan faɗaɗa. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND da ya fara a 2024 yana taimakawa, amma a tuna bashi ne, ko da ba ruwa a kansa, ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Bashi ba ya zama hujjar a ce ɗalibi ya wadata.

Abin da nake ganin ya kamata ba ya buƙatar sabon kasafi, takarda ɗaya ce. A rubuta da Hausa, da boko da ajami, a karanta a rediyo, a kai wa sarakunan makafi da na guragu da na kutare da ƙungiyoyinsu, cewa shiga makaranta ko koyon sana'a ba ya taɓa alawus. A ce wanda aka yaye zai ci gaba da karɓa na wani ƙayyadadden lokaci, a ce shekara, komai samunsa. A ce in za a rage, sai ga wanda ya samu albashi tsayayye, kuma da sanarwa tun da wuri. A ce wanda aka sauke saboda aiki, in aikin ya rushe, zai koma ba tare da bin layi daga farko ba. Kada a kwaso lissafin Amurka mai rassa goma, domin a nan mafi yawan samu ba shi da takardar albashi, kuma duk ƙa'idar da sai jami'i ya ƙiyasta cinikin mai shago ta buɗe ƙofar son rai da na goro.

Na san abin da za a ce: kuɗin kaɗan ne, masu jira a ƙananan hukumomi 23 sun fi masu karɓa yawa, don me za a ci gaba da ba mai shago alhali ga tsohuwa makauniya a ƙauye ba ta taɓa gani ba? Magana ce mai nauyi. Sai dai a duba wane tsari ne ke samar da gurbi. In mutane suna ɓoye sana'arsu ko suna ƙin koyo don tsoro, ba mai fita daga jerin sai wanda ya rasu. In an ba su tabbaci, wasu za su kai inda naira 10,000 ba ta dame su ba, a sauke su da yardarsu, tsohuwar ta shiga.

Kafin a kai can, mai karɓa yana da ɗan abin da zai yi wa kansa. Ya san daga ina kuɗinsa ke fitowa, domin sharaɗin alawus ɗin jiha daban, na zakka daban, na diyyar aiki daban. Ya nemi takardar shaidar naƙasarsa da rahoton likita ya adana, saboda su ne ke nuna lalurar tana nan ko yana aiki ko ba ya yi. Ya karɓi takarda daga makarantar ko maigidan shagon da ke cewa ɗalibi ne, ba ma'aikaci ba, da ranar farawa. In zai yi tambaya a ofis, ya tafi da shugaban ƙungiyarsu, kada ya je shi kaɗai, kuma ya roƙi a rubuta masa amsar. Ɓoyewa ita ce mafi haɗari, domin ran da aka gano, ba za a ce ɗalibi ba ne, za a ce maƙaryaci ne.

Na faɗa wa yaron shiyyarmu wannan duka. Maigidansa ya rubuta masa takardar, ya buga hatimin shago a kai, ya naɗe ta a leda ya sa ƙarƙashin kujerar kekensa. Ya iya canza gilashin waya da wurin caji yanzu, ya fara taɓa aikin injin ciki. Shekaranjiya da na wuce na tarar da shi a bakin tebur, amma keken yana nan a lungun baya. Na yi masa nuni da shi da baki, sai ya yi dariya ya ce: "Yaya, bari dai a biya na wanga wata mu gani tukuna."